Foldar Wucin Gadi ta Baba Ƙa'ida

Tun ƙarfe takwas na safe Baba Ƙa'ida ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Ya goge teburinsa sau biyu. Ya jera biro uku, ya wargaza, ya sake jerawa. Ya ja aljihun tebur ya tarar da shi wayam, don tun jiya ya kwashe komai cikin kwali: kofin shayi, tsohon tabarau, da wata 'yar sukudireba da ta girmi rabin ma'aikatan ofishin a wurin aiki. Ranarsa ta ƙarshe ce. Ƙarfe sha biyu za a rufe sunansa a na'ura, ƙarfe ɗaya a yi masa liyafar sallama a ɗakin taro, daga nan sai gida.

Kamfanin nasu aikinsa riƙe wa ƙananan asibitoci sakamakon gwaji. A ɗibi jinin mutum a can, a auna, likita ya danna kwamfutarsa ya ga abin da aka samu. Masu wannan ɗawainiya na'urori ne sittin da huɗu, jere a cikin wani ɗaki mai sanyin tsiya a ƙarshen baranda. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya ana gyara, wa ke da wannan ƙafar? Akwai babba guda a tsakiyarsu da ake kira Rumbu. Abin da aka ajiye a babbar foldar Rumbu, duk sittin da huɗun suna ganinsa ta waya kamar a cikinsu yake. Ka gyara harafi ɗaya a can, ka gyara wa kowa. Ka ɓata harafi ɗaya kuma, to, ka san sauran.

Saboda haka ne Baba ya kafa dokokinsa, har suka ci sunansa na yanka. Akwai wani jan kati mai igiya da ake ratayewa a ƙusa kusa da ƙofa. Wanda bai rataya shi a wuya ba, ko shi ne ya haifi Rumbu, ba ya taɓa babbar folda. Akwai kuma baƙin littafi. Wanda ya yi kuskuren da ya kai ga asibiti, shi zai rubuta da jan biro, ya sa sunansa, ya tashi tsaye a taron sashe ya karanta da bakinsa. Shekara goma sha tara littafin yana cika, an canja shi sau uku, sunan Baba bai taɓa shiga ba.

Jiya ya miƙa jan katin ga Injiniya, wadda za ta gaje shi, aka kuma cire masa ikon rubutu a babbar folda. Abin da ya rage masa 'yar foldarsa ce ta kansa, irin wadda kowane ma'aikaci yake da ita a wani lungu na Rumbu. Da aka rufe sunan mutum, ita ma sai a naɗe ta a kai ma'ajiya.

Don ya kashe lokaci ne ya buɗe ta, ya kwashe hotunan jikokinsa. Yana cikin gungurawa sai ya ci karo da wata folda mai suna "wucin gadi". Ya yi murmushi, ya kai hannu zai goge. Idonsa ya sauka a kan lokacin da aka buɗe ta na ƙarshe: tara da minti ashirin da biyar. Ya dubi agogon bango. Tara da ashirin da bakwai.

Shi dai bai buɗe ta ba.

Ya zauna ya zuba mata ido, bai ko ƙifta sosai ba. Tara da rabi na cika, lokacin ya canja da kansa.

Ya tuna. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da aka sauya tsohon Rumbu da sabo, wuri ya ƙure musu ana tsakiyar kwashe kaya. Akwai wani ƙaramin fayil, jerin adireshi, wanda ke gaya wa kowace na'ura asibitin da za ta aika wa kowane sakamako, kuma duk minti biyar sai sun leƙa shi. Shi ne ya ɗauke fayil ɗin ya ajiye a foldarsa, ya bar alama a babbar folda mai nuna hanya zuwa can. Ya ce kwana biyu ne, a gama a mayar. Aka gama, aka yi murna, wani aikin ya taso. Tun daga ranar kowa ya je gyara jerin sai ya bi ta alamar, ya yi aikinsa ya fita, ba wanda ya taɓa tambayar ina ta kai shi. Har shi kansa.

Ƙarfe sha biyu, in aka naɗe foldarsa, na'ura sittin da huɗu za su miƙa hannu su kama iska.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Dogo, wanda teburinsa ke fuskantar nasa, ya ɗago kai.

"Baba, lafiya? Ko tun yanzu kujerar ta fara korarka?"

"Yi aikinka."

"Ai shi nake yi. Bisa doka kuma, ban taɓa abin kowa ba."

Shekara huɗu ke nan da Dogo ya taɓa babbar folda ba kati, don sauri, asibiti shida suka yi rabin awa ba sakamako. Baba ya sa shi ya karanta laifinsa a tsaye, da ya haɗiye wata kalma ya ce ya maimaita daga farko. Mutumin da ke da 'ya'ya uku a gida. Tun daga ranar Dogo ba ya wuce wata dama ta tsokana, amma bai sake kuskure ba.

Baba ya fita ya haura bene zuwa ofishin ma'aikata. A matakala ya tsaya sau biyu, ba don gajiya ba, yana shirya maganar da zai faɗa. Jami'in wurin, wanda kowa ke kira Hatimi, yana ta fama da wata takarda mai ƙyalli da almakashi.

"A'a, ango da kansa! Kar ka duba nan, ba naka ba ne."

"Wata 'yar alfarma ce ta kawo ni. Rufe sunan nan nawa, a ɗaga shi zuwa gobe."

"Subhanallahi. Ka fasa tafiyar ne? Mun riga mun sayo lemo fa."

"Ban gama kwashe hotuna ba."

Hatimi ya ajiye almakashi, ya jawo wani fayil na kwali daga bayansa, ya lashi yatsa ya buɗe shafi. Ya karanta da irin muryar Baba, har da gyaran murya: "Ba a ɗaga rufe sunan ma'aikaci sai da rubutaccen dalili, da sa hannun shugaban sashe. Hoto, waƙa, ko wasiƙar gida ba dalili ba ne." Ya juyo da shafin. "Wannan sa hannun na waye, ranka ya daɗe?"

"Na san nawa ne."

"To shugaban sashe tun jiya Injiniya ce. Ta rubuto min layi biyu, in danna maka har jibi ma. Amma ka yi sauri, ni da Manaja za mu fita karɓo wani abu da bai kamata ka sani ba."

Ya sauko. A baranda wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce.

"Malam, farar hular ko mai ruwan toka zan taho maka da ita? Wadda ka fita da ita ba ta hoto ba ce."

"Kowacce."

"Kowacce? Kai? Shekara talatin da biyar ban taɓa jin kowacce a bakinka ba. Me ya faru?"

"Ba komai. Aiki ne."

"Wane aiki kuma, mutumin da aka karɓe wa makulli? Babbar 'yarka ta ɗauki hutun rabin yini saboda kai, har ta rubuta abin da za ta faɗa. Kar ka tarbe mu da fuskar nan taka ta ranar Litinin."

Ya kashe wayar ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin sanyi. Katinsa na shiga yana aiki har sha biyu. A ciki akwai allo da madannai da ke haɗe da Rumbu kai tsaye, ba ruwansu da wanda aka cire wa iko. Kalmar sirrin wurin shi ya zaɓe ta, kuma ya san sai gobe za a canja. Abin yi kawai shi ne ya ɗauke fayil ya mayar mazauninsa, ya goge alama, ya bi na'urorin a hankali ya sake tayar da su. Wa zai sani? Ya wuce ƙofar har ya kai wurin tulun ruwa, ya sha kofi guda ba ƙishi, ya dawo. Ya sake wucewa. A karo na uku ya manna katin, ƙofa ta buɗe.

Sanyi ya buge shi, da gurnanin fankoki. Fitilu kore suna ta ƙifce-ƙifce a jere. Ya ja kujerar ƙarfe, ya shigar da kalmar, allo ya buɗe masa kamar yana jiransa. Yatsunsa suka rubuta rabin umarnin ba tare da sun nemi shawararsa ba.

Sai dai tsohon hali ba ya barin mutum. Kafin ya danna, ya duba ko akwai wani a cikin foldar, kamar yadda ya koya wa kowa. Akwai. Injiniya ce, kuma jerin adireshin ne a buɗe a gabanta, tana ƙara sabon asibiti. In ya ɗauke fayil ɗin yanzu, ita ta adana nata a tsohon wuri, shi ya ɗora nasa a sabo, jeri ya zama biyu. Wasu na'urori su bi wannan, wasu su bi wancan. Sakamakon jinin wani ya tafi inda ba a san shi ba, ko ya ɓace a hanya, likita yana jira.

Zai iya jira ta gama. Ya dubi agogon hannunsa: sha ɗaya saura kwata. Ya jira minti biyar. Ba ta fita ba. Ya jira wasu biyar. Ya san ta, ba ta rufe fayil sai ta karanta shi sau uku daga sama har ƙasa. Shi ya koya mata.

Ya goge abin da ya rubuta harafi bayan harafi, ya tashi.

Injiniya tana teburinta, jan katin a wuyanta bisa mayafi. Mace ce da ba ta kai arba'in ba, ba ta da yawan magana, shekara bakwai tana ƙarƙashinsa. Ya tsaya a kanta har ta ɗago.

"Baba, ka ci wani abu kuwa? Fuskarka duk ta canja."

"Jerin nan da kike gyarawa. Duba min inda yake zaune."

"A babbar folda mana."

"Ki duba dai."

Ta duba. Ya ga idonta ya bi layin har ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi. Ta cire hannu daga madannai ta ɗora a cinya.

"Tun yaushe?"

"Tun sauya Rumbu."

"Ban ma zo ba lokacin." Ta dubi agogo. "Kai kuma yaushe ka gani?"

"Tara da rabi."

"Tara da rabi. Baba, yanzu sha ɗaya da minti biyu! Ina ka shiga awa ɗaya da rabi?"

"Na je wurin Hatimi. Na shiga ɗakin sanyi."

"Ka taɓa?"

"Ban taɓa ba."

Ta dube shi sosai, irin duban da shi yake yi wa mutane. Sannan ta yage takarda, ta rubuta layi biyu ta sa hannu. "Dogo! Haura da wannan wurin Hatimi, da gudu."

Dogo ya karanta takardar a tsaye, ya dubi Baba, bakinsa ya buɗe. Injiniya ta ce, "In ka ce uffan sai ka yi aikin ƙarshen mako na wata guda." Ya rufe bakin ya ruga. Minti uku ya dawo yana haki: ofis a kulle, sun fita da Manaja, wayar Hatimi tana ta ruri a kan teburinsa, ana jin ta ta ƙofa. Ta Manaja kuwa a kashe.

"Mu ba za mu iya tsayar da rufewar daga nan ba?" in ji Dogo.

"Hannunmu ba ya kaiwa can. An raba mu da ofishin ma'aikata, kada mai riƙe da Rumbu ya riƙe sunayen mutane." Ba ta ce wa ya raba ba, ba ta kuma dubi kowa ba.

Mayar da fayil ɗin bai ci minti biyar ba. Wahalar tana wurin na'urorin. Kowacce ta riƙe tsohuwar hanya tun ranar da aka tayar da ita, ba za ta saki ba sai an sake tayar da ita. Ba a kuma kashe su gaba ɗaya da rana tsaka asibitoci suna aiki. Takwas-takwas ake yi, sauran su ɗauki nauyin, a jira su dawo a tabbatar, sannan a kama na gaba. Kowane rukuni minti bakwai.

Baba ya yi lissafi a ka. "Ba zai isa ba. Yi sha shida-sha shida."

"Takwas."

"Na ce miki za su ɗauka. Na san su."

"Baba, katin yana wuyan wa?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana tari irin na ƙarya.

Aka raba aiki. Injiniya tana dannawa, Dogo yana kallon ko sakamako na tafiya, Baba kuma aka ba shi takarda da biro yana soke lambar duk wadda ta dawo, aikin da ake ba sabon zuwa. Ya kasa zama. Ya je taga ya dawo, ya leƙa allon Injiniya ta kafaɗarta har ta ce ya matsa yana tare mata haske. Takwas suka dawo, sha shida, ashirin da huɗu. A rukuni na biyar wata ta yi nawa, lamba talatin da bakwai, wadda dama can ya sha cewa a canja ta. Ya tsaya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jaki a bakin gada. Ta cinye musu minti huɗu kafin ta ga dama.

Sha biyu ta buga suna da hamsin da shida. A allon Baba wani ɗan akwati ya fito ya ce an rufe wannan suna, a tuntuɓi shugaban sashe. Takwas ɗin ƙarshe suka tsaya cak.

Wayar sashe ta yi ƙara. Baba ne ya fi kusa, ya ɗauka. Wata ma'aikaciyar jinya ce, muryarta a sama: tana da mai ciki a kwance, likita yana jiran sakamakon jini, allo sai juyawa yake yi. Ya ce ta yi haƙuri, minti biyar. Ta ce haƙurin a rubuce za ta kai wa likita? Ya ce laifinsu ne, ta riƙe layin kar ta ajiye. Ya tsaya da wayar a kunne yana jin hayaniyar ɗakinsu, ƙarar takalma, wani yana kiran a kawo ruwa. Layi na biyu ya kama ruri, Dogo ya ɗauka. Na uku ma.

Sha biyu da minti shida matar ta ce, "Yauwa, ya fito," ta kashe ba sallama.

Injiniya ta jingina da kujera ta rufe ido. Can ta jawo baƙin littafin, ta buɗe, ta cire murfin jan biro. Ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Zan rubuta an samu tsohuwar alama an gyara. A ƙarƙashin katina abin ya faru, sunana zan sa. Kai ka riga ka fita tun sha biyu, ko a na'ura babu kai."

Baba ya dubi Dogo. Dogo ya ɗaga kafaɗa. "Ni ban ga komai ba. Dama idona ba shi da kyau, kai ka sha faɗa."

Baba har ya fara gyaɗa kai. Ga hular hoto tana hanya, ga 'yarsa da takardarta. Ya kai hannu ya ɗauki kwalinsa, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Sai ya ga shafin da littafin ya buɗe a kai, can sama, rubutun wani ne da dokar Baba ta sa ya rubuta laifinsa, ya soke kalma ya sake rubutawa.

"Ba ni biron."

"Baba..."

"Aron biro na ce, ban ce kati ba."

Ya zauna ya rubuta a hankali. Bai yi gajere ba. Ya sa shekarar, ya sa awa ɗaya da rabin da ya yi yana zagaye, ya sa shigarsa ɗakin sanyi da rabin umarnin da ya rubuta. Ya sa asibiti uku, minti shida, mai ciki ɗaya.

Ƙarfe ɗaya ɗakin taro ya cika. Matarsa ta cire masa hula ta ɗora mai ruwan toka, ta ja baya ta duba, ta gyara ta. Hatimi ya shigo da wani abu naɗe cikin takarda mai ƙyalli, yana tambayar wa ya kira shi har sau tara. Manaja ya buga cokali a jikin kwalbar lemo, ya fara jawabi, ya zo daidai inda yake cewa ga mutumin da shekara goma sha tara sunansa bai shiga baƙin littafi ba. Baba ya miƙe da littafin a hammata.

"Ranka ya daɗe, a gyara wurin nan. Ya shiga ɗazu."

Ya sa tabarau ya karanta a tsaye. 'Yarsa ta ninke takardarta ta riƙe a hannu. Da ya zo wurin ɗakin sanyi muryarsa ta yi ƙasa, kalmomin suka shige cikin gemu.

Daga can baya Dogo ya ɗaga hannu. "Baba, mu nan ba mu ji ba."

Injiniya ta juya ta harare shi. Matar Baba ta dubi mijinta, ta dubi dogon mutumin, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Baba ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya gyara murya, ya mayar da yatsa saman shafin, ya soma daga farko.